Tarihin Fassara Sakamakon Gwajin Amosanin Jini

Gwajin amosanin jini, wato sikila, ya riga masu iya bayaninsa zuwa da shekaru masu yawa. Likita James Herrick ne ya fara rubuta siffar cutar a Chicago a 1910, bayan an ga ƙwayoyin jinin wani ɗalibi ɗan Grenada sun lanƙwashe kamar lauje. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa sinadarin jinin mai cutar ya bambanta da na mai lafiya, kuma hanyar da suka bi ita ce tushen gwajin da ke raba AA da AS da SS.

Bayani kuwa sai daga baya. Makarantar Sarah Lawrence da ke Amurka ce ta fara horar da masu ba da shawara kan cututtukan gado a 1969, amma kafin su yawaita, dokar yaƙi da sikila ta 1972 ta yaɗa gwajin a ƙasar. Aka samu cikas: likitoci da dama ba su rarrabe mai AS, wanda lafiyarsa ƙalau, da mai SS, wanda ke da cutar, ba. Wasu baƙaƙen fata suka rasa aiki, wasu aka tsawwala musu kuɗin inshora, kwalejin sojan sama ma ba ta daina ƙin masu AS ba sai 1981.

A ƙasar Hausa, binciken da aka yi a Garki, cikin Jigawa ta yanzu, aka wallafa a 1979, ya gano cewa kusan biyu cikin ɗari na jarirai ana haifarsu da SS, kuma kaɗan ne ke kai shekara biyar. Farfesa Olu Akinyanju, wanda ya jagoranci kafa gidauniyar sikila ta Najeriya a Legas a 1994, ya fi karkata ga koya wa nas-nas da likitoci da sauran ma'aikatan asibiti yadda za su zauna da iyali su yi bayani, tun da ƙwararru ba za su taɓa wadatar ba.

Abin da ake koyarwa bai da yawa, sai dai yana da wuyar shiga. Rukunin jini na A da B da O daban yake da na sikila. Idan mata da miji duka AS ne, kowane ciki na da kaso 25 cikin ɗari na zama SS. Haihuwar ɗa guda mai cutar ba ta kuɓutar da ƙannensa uku, ko da yake mutane da yawa haka suka ɗauka. Wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, sakamakonsa na iya ruɗarwa.

Tun da Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024, nauyin ya ƙaru a kan malamin ƙaramin asibiti, domin shi ake miƙa wa takarda, sau da yawa bayan an riga an sa rana.