Ziyara a gidajen sabulu na Marseille: tarihin da ke cikin tukunya

 A yau za mu yada zango ne a birnin Marseille da ke kudancin Faransa, a gaɓar tekun Bahar Rum, inda wasu ƙananan masana'antu ke buɗe wa matafiya ƙofa domin su ga yadda ake dafa sabulu. To ku gyara zama.

Idan Allah ya kai ka ɗaya daga cikin waɗannan gidaje, alal misali Fer à Cheval da ya samo asali tun 1856, ko kuma Marius Fabre da aka kafa a 1900 a garin Salon-de-Provence da ke kusa, abin da zai fara tarbarka shi ne zafi da ƙamshin mai. Daga nan sai ka hango manyan tukwane na ƙarfe, kowace na cin tan da dama, suna tafasa. Abubuwa huɗu kacal ake zubawa a ciki: man tsirrai, da soda, da gishiri, da ruwa.

Mai sauraro, ka san mai da ruwa ba sa ga maciji. Amma idan aka dafa mai tare da soda sai ya rabu gida biyu, a samu sabulu da kuma gilisarin. Ita ƙwayar sabulu baki biyu gare ta, ɗaya na kama maiƙo, ɗayan na kama ruwa. Shi ya sa idan ka ɗauraye hannu, daɗtin ke bin ruwa ya tafi. Shi kuwa gishiri aikinsa tacewa ne. Sabulu ba ya narkewa a ruwan gishiri, saboda haka sai ya taso sama, ragowar soda da ƙazanta su kwanta a ƙasa a zare su. Ana shafe kwanaki 10 ko fiye ana dahuwa da wanki. A al'adance babban mai dahuwa kan ɗana sabulun a kan harshensa, in ya ji yaji to da sauran soda, sai an ƙara wankewa. Bayan haka a kwarara shi a ƙasa ya daskare, a yanka, a buga masa hatimi.

To yaya aka yi wannan birni ya yi suna haka? Tarihi ya nuna cewa tun wajajen 1370 akwai mai sana'ar sabulu a Marseille. Yankin na da man zaitun da gishirin teku, ana kuma samun soda daga tokar wasu tsirrai na bakin teku. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Iyayenmu mata masu sabulun salo, da masu alata samina a Ghana, da ruwan toka da mai suke aiki, ilimin ɗaya ne.

A shekara ta 1688, a zamanin Sarki Louis na 14, hukuma ta kafa doka saboda yawan algus. Dokar ta ce da man zaitun tsantsa za a yi sabulu, ban da kitsen dabba, ta kuma hana dahuwa a watannin Yuni, Yuli da Agusta saboda zafi. Wannan doka ce ta sa mai saye ya amince da sunan Marseille.

Sai dai fa tokar da ake dogaro da ita, akasari daga ƙasar Spain ake shigo da ita, kuma da zarar yaƙi ya ɓarke sai ta yi wuya. A 1791 wani likita Bafaranshe mai suna Nicolas Leblanc ya samu takardar mallakar wata dabara ta haɗa soda daga gishirin teku. Shi kansa bai ci moriyarta ba, domin gwamnatin juyin juya hali ta ƙwace masana'antarsa, ya kuma mutu cikin talauci a 1806. Amma dabarar ta sa soda ta yi araha, ko da yake hayaƙin masana'antun ya riƙa ƙone shuke-shuke a kewayen birnin. Kazalika a 1823 masanin kimiyya Michel Eugène Chevreul ya wallafa bincikensa kan kitse da mai, wanda ya bayyana ainihin abin da ke faruwa a cikin tukunyar.

Da soda ta wadata sai man zaitun ya gaza. A nan ne Afirka ta shigo cikin labarin. Daga shekarun 1840 jiragen ruwa suka fara kai gyaɗar Senegal zuwa Marseille, ga kuma manja da man kwakwa. Bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, noman gyaɗa don sayarwa Turai ya bunƙasa a ƙasar Hausa, kuma a zamanin mulkin mallaka gyaɗar Maraɗi da Damagaram Faransa take nufa. A nan ake noma, a can ake matsewa, kana a dawo mana da mai da sabulu mu saya. A 1906 aka tsayar da ma'aunin nan na kashi 72 cikin 100 na mai, wanda ake bugawa a jikin sabulun. Ya zuwa 1913 ana yin kimanin tan dubu 180 a shekara, kuma a shekarun 1920 gidajen sabulu a yankin sun haura 100.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai al'amura suka juya. Injin wanki ya shiga gidaje, garin wanki irin wanda muke kira omo ya mamaye kasuwa, gidajen sabulu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wata matsalar kuma ita ce sunan ya zama na kowa, ta yadda aka riƙa yin sabulu a wasu ƙasashe da kitsen dabba da turare, a rubuta masa Marseille. Dalili ke nan da ya sa a 2011 gidaje huɗu, wato Marius Fabre, Fer à Cheval, Le Sérail da Savonnerie du Midi, suka kafa ƙungiya domin kare dahuwar gargajiya da alamar da mai saye zai gane ta.

Saboda haka mai sauraro, idan ka ɗauki sabulu a kanti, juya bayansa ka karanta. Sodium olivate na nufin man zaitun, sodium palmate manja, shi kuwa sodium tallowate kitsen dabba ne. In kuma tafiya ta kai ka wani gari, ko Marseille ne ko Kumasi, tambayi inda ake dafa sabulu ka leƙa, ka ga abin da ake zubawa a tukunya da idonka.