Amsoshin Takardunku: 'Yan Igwan Yaƙin Bama

Wani mai sauraronmu daga Bunkure ya ce a Kadawa an yi masa dariya da ya ce kakansa ya ɗauki igwa a ka a yaƙin Bama. Yana tambaya, shin gaskiya ne?

To malam, kakanka bai yi ƙarya ba. A 1944 Runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma, mai ɗauke da 'yan Arewa da yawa, ta shiga kwarin Kaladan don yaƙar Japanawa. Ƙungurmin daji ne da duwatsu, mota ba ta ratsa yawancinsa. Sai a kwance ƙananan igwogi gunduwa-gunduwa, majiya ƙarfi su ɗauka a ka, a haɗa su a bakin daga. Abinci da harsashi kuwa jirgin sama ke jefowa da laima. Da yawan masu dakon nan ba su riƙe da bindiga, ga Japanawa na kwanton ɓauna.

A Janairun 1945 rundunoni na 81 da 82 suka kama Myohaung, sunan da wani barikin soja a Legas ya ci.

Jama'a, wanda ke da lambar yabo ko takardar sallamar tsohon soja a gida, ya adana ta kada gara ta cinye. Allah Ya jiƙan mazan jiya.