Daga Zuga-zugi zuwa Fartanya: Tarihin Ɗan Koyo a Maƙerun Gaya

Garin Gaya yana gaɓar kogin Isa, wanda Hausawa ke kira Kwara, a ƙarshen kudancin jihar Dosso. Wanda ya tsaya bakin ruwa yana hangen Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta Nijeriya kuwa ba ta da nisa daga gabas. Nan ne ruwan sama ya fi yawa a faɗin Nijar, kimanin milimita 800 a shekara, shi ya sa noma da su da kiwo suka haɗu a wuri guda. Ƙasa irin wannan ba ta rabuwa da maƙeri, domin manomi na bukatar fartanya, masunci na bukatar ƙugiya da zago, mahayi na bukatar linzami. An rubuta tarihin sarakunan Dendi da yaƙe-yaƙensu, amma na maƙera ya fi zama a hannu da baki. Hanya ɗaya ta karanta shi ita ce a dubi abin da ɗan koyo ke fara ƙerawa, da irin ƙarfen da ake miƙa masa a kowane zamani.

Zamanin tama

Kafin zuwan Turawa, ƙarfen yankin daga ƙasa yake fitowa. Tsakanin 2011 da 2015, ayarin masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, bisa jagorancin Anne Haour ta Jami'ar East Anglia a Ingila, sun yi aiki a ɓangaren Dendi da ke cikin Benin, ƙetaren kogi daga Gaya. A Birnin Lafiya sun tono kufan wani gari da aka zauna daga wajen ƙarni na 4 zuwa na 13 Miladiyya. A Kompa da wasu wurare sun tarar da tsibin kashin maƙera da ragowar matoyan tama. Caroline Robion-Brunner, wadda ta nazarci waɗannan matoya, ta nuna cewa dabarun narka tama a Dendi iri-iri ne, alamar cewa al'ummomi daban-daban sun yi wannan aiki a kwarin. Kogin bai zama iyaka ba sai a zamanin mulkin mallakar Faransa, don haka abin da aka gano a can shaida ce ga gaɓa biyu.

Wannan tsohuwar sana'a ta game ƙasar Hausa. A gindin dutsen Dala an samu shaidar narka tama tun ƙarni na 7, kuma labarin baka na Kano yana danganta kafuwar garin da Abagayawa, maƙeran da suka zo neman tama daga Gaya. Sai dai waccan Gaya ta ƙasar Kano ce, kada a rikita ta da ta Dendi.

Narka tama aiki ne na rani, na taron dangi. A haƙo dutsen, a farfasa shi, a sare itace mai nauyi irin ƙirya a toya gawayi, a gina matoya da yumɓu, sannan a jera tama da gawayi hawa-hawa. Zafin da ake samu, kimanin digiri 1,200, ba ya mayar da ƙarfen ruwa. Dattin ne ke narkewa ya tsiyaye, ƙarfen ya dunƙule a ƙasa, sai an yi ta dukansa kafin ya tsarkaka. Wahalar nan ita ta sa ƙarfe ya yi tsada, ita ce kuma ta tsara yadda ake koyar da yaro.

Matakan koyo

Maƙerar gida ba ta da yawan kaya: rumfa ko zaure, ramin wuta, zuga-zugi na fatar akuya, uwar maƙera da aka kafe a ƙasa, masaba, awartaki, kurfi, madoshi, magagari da kaskon ruwa. Yaro yana shigarta tun yana ƙarami, amma ba a ba shi masaba. Aikinsa na farko zuga ne. Yana zaune yana matsa fata, idonsa na kan wuta, har ya san bambancin ƙarfen da ya yi ja, da wanda ya yi ruwan goro, da wanda ya yi fari yana tartsatsi, wato ya kusa ƙonewa. Wanda bai iya karanta launin wuta ba, ba a amince masa da ƙarfe.

Daga nan sai a ba shi guntayen da suka faɗi daga aikin manya. Da su yake ƙera ƙusa, basilla, ƙugiya, matsefata ta cire ƙaya, da zoben da ake sa wa ƙota don kada ta tsage. Kayan ƙanana ne, amma kowanne darasi ne. Ƙusa tana koyar da jan ƙarfe ya yi tsini, basilla tana koyar da huda da madoshi, ƙugiya tana koyar da lanƙwasa, zobe kuwa shi ke koyar da haɗa baki biyu a cikin wuta. In ya ɓata, asarar kaɗan ce, a mayar da guntun wuta a sake.

Mataki na gaba shi ne mai kaifi: aska, wuƙa, lauje. A nan yake koyon tsoma ƙarfe a ruwa a daidai lokaci, domin in ya yi gaggawa bakin ya fashe, in ya yi jinkiri ya ƙi tauri. Sai ya ƙware a wannan ake barinsa ya taɓa gatari da fartanya da garma, kayan da abincin gida guda ya rataya a kansu. Manomin da fartanyarsa ta karye a tsakiyar noman fari ba ya mantawa da maƙerin da ya yi ta. Tsakanin haka yaron yana riƙe babbar guduma yana amsa bugun maigidansa, ɗaya na nuna wuri, ɗaya na saukewa. Masu iya magana sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Ƙarfen dogo da na mota

Mulkin mallaka ya sauya tushen sana'ar. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, na Dahome ya kai Paraku a 1936. Cikin shekarun 1950 aka tsara fitar da gyaɗar Nijar ta hanyar Paraku zuwa Kotonu, aka kuma gina gadar Gaya da Malanbil a 1958. Manyan motoci suka yawaita a hanyar, inda mota ta yawaita kuwa tsohon ƙarfe ya samu. Sifirin mota, da gindin tuƙa taya, da gangar mai, da guntun dogo suka cika kasuwa, masu araha, marasa datti. Ba wanda zai kwashe makonni yana haƙar tama alhali ga abin da ya fi ta sauƙi.

Cikin shekarun 1960, lokacin da Nicole Echard ta ɗauki fim ɗinta mai suna Noces de feu a wajen maƙeran Adar, narka tama ta riga ta zama abin da tsofaffi ke sake yi domin a gani. Ta nuna yadda suke ɗaukar matoya tamkar amarya, ƙarfen kuwa abin da ta haifa. Philip Jaggar, a littafinsa na 1994 kan maƙeran birnin Kano, ya bayyana yadda suka koma ga tsohon ƙarfe suka ƙirƙiro sabbin kaya. Abin da ya faru a Dendi bai fita daga wannan tafarki ba. Ƙira ta rayu, narka tama ta mutu, tare da kalmominta da dokokinta.

Ga ɗan koyo, sauyin ya zo da sauƙi. Ƙarfe ya daina zama abin tattali, ana iya ba shi guntun sifiri ya gwada wuƙa tun da wuri. Daga baya cibiyoyi irin su CDARMA ta Dosso suka horar da maƙeran karkara kan garmar shanu da amalanke. Fanka mai juyawa da ƙafar keke ta maye gurbin fatar akuya a maƙeru da yawa, walda kuma ta shigo gari da ƙofofi da tagogi da gadaje.

Gado da haye

Ƙira a ƙasar Hausa sana'ar gado ce, mai Sarkin Maƙera da sirrinta na wuta. Arahar ƙarfe ta buɗe ƙofa ga haye. Saurayin da ba ɗan maƙera ba yana iya kafa guntun dogo a tsakar gida, ya sami guduma da gawayi, ya fara gwaji. Amma kayan aiki ba su ne ilimin ba. Wanda ya tsallake zuga da ƙusa ya faɗa wa adda, yakan ƙare da ƙarfen da ya ƙone ko bakin da ya fashe, wani lokaci da rauni a ido ko a hannu. Jerin da magabata suka tsara, daga ƙarami zuwa babba, daga marar kaifi zuwa mai kaifi, manhaja ce cikakkiya ko da ba a rubuta ta ba.

Ilimin tama ya ɓace ne a daidai lokacin da ake ganin maƙeru cike da aiki, ba wanda ya lura sai da masu shi suka ƙare. Matakan koyo suna iya bin wannan hanya, tunda ɗiyan maƙera da yawa sun karkata ga walda da kabu-kabu da kasuwancin iyaka. Malaman makarantu da ƙungiyoyin al'adu na gundumar Gaya suna da abin yi wanda bai fi ƙarfinsu ba: su kai ɗalibai maƙera, su rubuta sunan kowane kayan aiki da Hausa da Dendi da Zabarmanci, su tambayi tsofaffin maƙera abin da suka fara ƙerawa da wanda ya koya musu, su kuma nemi a nuna musu inda kakanni suka haƙi tama kafin garma ta baje wurin.