Tarihin masu yi wa tsoffin wasannin gem sabon gini, daga kogon Kentaki zuwa Mafara

A shekarar 1976 wani masanin kwamfuta a Amurka mai suna Will Crowther ya rubuta wasan da babu hoto ko ɗaya a cikinsa, rubutu ne zalla. Kwamfuta za ta gaya maka kana tsaye kusa da wani ɗan gini a bakin daji, kai kuma ka ba ta umarni da kalma ɗaya ko biyu: shiga, ɗauki fitila, yi arewa. Crowther gwanin shiga koguna ne, yana cikin waɗanda suka auna lungunan kogon Mammoth da ke jihar Kentaki, kuma taswirar wani sashe na wannan kogon ya kwaso ya zuba a wasan don 'ya'yansa mata biyu su sami abin ɗebe kewa. Wasan shi ne Colossal Cave Adventure, kakan duk wasannin da ake sakin mutum a baƙon wuri a ce ya nemi hanya da kansa.

Ba a daɗe ba wani ɗalibi a jami'ar Stanford, Don Woods, ya ci karo da wasan a kwamfutar makaranta, ya shiga ransa, ya ga kuma akwai sauran aiki. Bai san inda mai wasan yake ba, sai ya riƙa aika saƙo da sunan Crowther zuwa kowace kwamfuta da ke kan ARPANET, wato uwar da ta haifi intanet, har saƙon ya faɗa hannun mai shi. Ya nemi izini, aka ba shi. A 1977 ya fito da nasa, ya ƙara ɗakuna da taskoki da dodanni, ya kai makin wasan 350. Wanda ya zaga duniya ke nan, har ya shafe na asalin. A 1979 David Platt ya ɗora nasa ginin a kan na Woods, maki ya koma 550. Ina so a riƙe wannan da kyau, domin mutane da yawa sun ɗauka taɓa wasan wani bidi'a ce ta yaran zamani, alhali tun ranar suna wannan nau'in wasa yake hannun masoyansa.

Daga nan labari ya koma Japan. Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya tashi ne a Sonobe, wani gari kusa da Kyoto, inda yake yawon daji da leƙa koguna yana yaro. Wannan daɗin na gano abin da ba wanda ya nuna maka shi ya so ya saka a The Legend of Zelda, wanda ya fito ranar 21 ga Fabrairu, 1986. A watan Agustan shekarar Metroid ya biyo baya. Dabarar duka biyun ɗaya ce. Za ka ga ƙofar da ba ka iya buɗewa, ko tudun da tsallenka bai kai ba, dole ka wuce. Can gaba, bayan ka sha wuya, ka tsinci makami ko takalmi, sai wancan wurin ya faɗo maka a rai, ka juyo da gudu. A 1994 Super Metroid ya fito ƙarƙashin jagorancin Yoshio Sakamoto, kuma har gobe masu ƙera wasanni suna zama su yi nazarin taswirarsa, yadda take koya wa mutum hanya ba tare da ta ce masa uffan ba. Nauyin wasan gaba ɗaya megabait 3 ne. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka zai iya fin haka.

Sai dai waɗannan wasanni a rufe suke cikin kaset, ba kamar na Crowther da kowa ke iya buɗe cikinsa ba. Wata ƙofa da aka ɓalle ita ce Game Genie, wata 'yar na'ura da ake soka kaset a cikinta kafin a soka a gem, ka rubuta wasu haruffa, sai rayukanka su ƙi ƙarewa ko tsallenka ya ninka. Nintendo ta kai kamfanin Galoob mai sayar da ita kotu, a 1992 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba Galoob gaskiya, ta ce wanda ya sayi wasa ya ɗan sauya yadda yake buga shi a ɗakinsa bai ƙirƙiri sabon kaya ba balle a ce ya ci haƙƙi.

Mu a nan ta wata hanya dabam abin ya iso mana. Duk wanda ya yi yarinta a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun a shekarun 1990 zuwa farkon 2000, in dai akwai gem a gidansu ko gidan maƙwabta, to ba na Nintendo ba ne na ainihi. Kwaikwayonsa ne da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, da ruwan ɗorawar kaset ɗin nan mai iƙirarin wasa 9999 a ciki. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa: nan an sauya wa Mario launi, can an fara da kai daga mataki na biyar, can kuma an cika maka rayuka. Wasan tankar yaƙin nan da yara biyu ke haɗuwa su tsare mikiya, wanda ake gani da sunan Tank 1990, shi kansa gyararre ne. Asalinsa Battle City ne na kamfanin Namco, na 1985, wasu a ƙasar Sin suka ƙara masa matakai da makamai. Yana ma da wurin da za ka jera bulo da ruwa da ciyawa ka gina filinka. Yaron da ya taɓa kewaye mikiyarsa da ƙarfe a wannan wurin ya ɗanɗani aikin da nake ba da labari.

Abin da ya wuce mu shi ne wasannin bincike kansu, kuma da dalili. Kaset ɗin Zelda da aka sayar a Amurka a 1987 yana da ɗan batiri a ciki mai riƙe inda ka tsaya, kuma wasan ya fi su Tank girma nesa ba kusa ba. Masu haɗa kaset ɗin araha ƙananan wasanni suke so waɗanda za su cusa da yawa a wuri ɗaya. Ga kuma wuta. Wasan da ke son a zauna masa kwana da kwanaki bai dace da gidan da NEPA ke ɗauke wuta ana tsakiyar mataki ba, bai kuma dace da gidan gem da ake biya a buga wasa ɗaya a miƙa wa na baya ba.

A 1997 komai ya sauya. Manhajojin da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsohon gem suka bazu, irin su NESticle da ZSNES, aka kuma iya kwafe abin da ke cikin kaset ya zama fayil. Da wasa ya zama fayil, sai ya zama lambobi da kowa ke iya dubawa. Masu haƙuri suka zauna suna sauya lamba ɗaya, su kunna, su ga me ya motsa, su rubuta, su koma. Da haka aka gano inda taswira take, inda ƙarfin abokan gaba yake, inda haruffa suke. Daga baya aka haɗa manhajojin gyara: Lunar Magic ta Super Mario World a 2000, Hyrule Magic ta Zelda, da SMILE ta Super Metroid, inda za ka ga ɗaki a allo ka ja bango ka matsar da shi.

Wata dabararsu ta cancanci a tsaya a kanta. Ba sa raba wasan da suka gyara, faci kawai suke rabawa, ɗan ƙaramin fayil da ba komai a cikinsa sai umarnin cewa a wuri kaza cire lamba kaza ka sa kaza. Kamar tela ne ya aiko maka da awo da bayanin ɗinki, yadin kuwa kai za ka nemo naka. Wannan ne ya sa dubban irin waɗannan ayyuka suka daɗe ana rabawa ba a cika tsangwamarsu ba, alhali masu raba wasannin kansu sun sha da ƙyar. A 2018 ma'auratan da ke da shafin LoveROMs sun amince da hukuncin biyan Nintendo sama da dala miliyan 12.

Ayyukan da suka fito ba na wasa ba ne. Zelda Outlands na 2001 ya ɗauki wasan 1986 ya shimfiɗa masa sabuwar ƙasa ɗungurungum. Super Metroid Redesign, wanda wani da ake kira Drewseph ya fitar a 2006, ya faɗaɗa duniyar Zebes ya kuma ƙara wa jarumar, Samus, nauyi, ta yadda hannun da ya haddace tsohon tsalle sai ya koma koyo. Wasu sun yaba, wasu sun ce wahalar ta yi yawa, kuma a ganina masu ƙorafin suna da hujja. Cutar da ta fi kama masu wannan aiki ita ce su gina wa ƙwararru irinsu su manta da sabon shiga. Hyper Metroid na 2015 ya fi sanin ya kamata ta wannan fuska. Sannan aka zo da manhajar da ke yamutsa wuraren kaya, yadda duk bugu sai ka sake lissafi, domin abin da ka saba samu a kogon farko wataƙila yana can ƙarshen duniya. A 2018 har aka ɗinke Super Metroid da wasan Zelda mai suna A Link to the Past suka zama wasa ɗaya: ka shiga ƙofa a duniyar Zelda ka fito a Zebes.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne aikin ceto. A 1995 Nintendo ta watsa wani Zelda ta tauraron ɗan'adam a Japan, ta na'urar Satellaview, kashi huɗu, mako-mako, ana buga shi a sa'ar da aka tsayar yayin da muryoyin 'yan wasa ke fitowa ta rediyo. An rufe tashar a 2000, ba a taɓa sayar da wasan a kaset ba. Masoya ne suka bi tsoffin ma'ajiyar na'urar da aka manta ba a goge ba, da bidiyon da wasu suka naɗa a gida, suka harhaɗa shi ya koma abin bugawa. Ba don su ba da sai dai a ji labarinsa.

Sai Milton Guasti, ɗan Ajantina mai aikin haɗa sauti. Kusan shekara goma ya yi yana sake gina Metroid II na 1991 daga tushe, a lokutan da ya samu sarari, ba ko sisi. Ya sake shi kyauta ranar 6 ga Agusta, 2016, ranar da Metroid ke cika shekara 30, da sunan AM2R. Cikin 'yan kwanaki takardun lauyoyin Nintendo suka iso, aka sauke shi, domin nasa cikakken wasa ne ba faci ba. Doka tana tare da kamfanin, ban musa ba, kuma shekara ɗaya bayan nan suka fitar da nasu sabon Metroid II. Amma Sega ta nuna akwai wata hanyar: ta ɗauki Christian Whitehead, wanda ya taso cikin masu gyaran Sonic, ta ba shi jagorancin Sonic Mania na 2017, wasan kuma ya karɓu. Shi Guasti kamfanin Moon Studios ne ya ɗauke shi, ya yi aikin tsara wurare a Ori and the Will of the Wisps na 2020.

Reshen wannan tarihi da ya yi jijiya a wurinmu na ƙwallo ne. PES 2014 shi ne na ƙarshe da Konami ta yi wa PS2 da PSP. Lokacin da ya fito, a 2013, Victor Osimhen bai cika shekara 15 ba. Amma yau matashi a Mafara zai buɗe PPSSPP, manhajar kwaikwayon PSP, a wayarsa ya buga da Osimhen sanye da rigar Galatasaray. Wa ya saka shi? Masoya ne a ƙasashe daban-daban suke zama duk kakar wasa su sauya sunaye da riguna da fuskoki. Mafi shahara a wannan fage shi ne Bomba Patch, wanda Allan Jefferson, mai gidan gem a Mogi Mirim ta ƙasar Burazil, ya fara a 2007 don abokan cinikinsa su buga da ƙungiyoyin ƙasarsu. Mai gidan gem ne kamar namu, ya dai ƙi tsayawa a karɓar kuɗi da miƙa hannun gem.

Irin waɗannan fayiloli daga waya zuwa waya suke yawo ta Xender, ba ruwansu da data. A watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, duk abin da ya dogara da intanet ya tsaya cik na tsawon makonni. Wasan da ke zaune cikin waya kuwa caji kawai yake nema. Tsoffin wasannin bincike sun fi kowanne dacewa da wannan hali: ba nauyi, ba talla, kuma manhajar kwaikwayo tana adana maka inda ka tsaya a duk daƙiƙar da ka ga dama, wato matsalar da ta hana mu su a da ta kau.

Abin da nake fata, musamman daga ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, shi ne a fara da facin Hausa. Algaita, masu fassara finafinai a Kano, sun riga sun nuna yadda jama'a ke rungumar baƙon abu in ya yi magana da harshensu. Aikin ba ya son babbar kwamfuta. A Zelda na farko kowane harafi ɗan zane ne mai ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, kuma duk manyan baƙaƙe ne. Hausa ba ta buƙatar Q da V da X, saboda haka sai a goge su a zana Ɓ da Ɗ da Ƙ a gurbinsu. Inda za a yi gumi shi ne wuri, domin kowace jimla an yanka mata iya faɗinta a cikin fayil, in fassararka ta zarce sai ka taƙaita ko ka koyi sauya lambobin da ke nuna inda kowace magana ta fara. Wanda ya iya wannan ya kama hanyar taɓa taswira. Ga dam ɗin Bakolori nan da aka kammala a 1978, da magudanansa da ƙofofin ruwansa da suka ratsa gonakin Maradun da Mafara da Bakura. A mai da shi taswirar wasa: a buɗe wannan ƙofa ruwa ya janye daga can, hanyar da ta nutse ta fito, a bi ta a samo abin buɗe ta gaba.