Baƙin da ke Ƙyalli: Daga Karofin Zarewa zuwa Zauren Nunin Zane

Daga shekarar 1979 har zuwa rasuwarsa a 2022, mai zanen nan na Faransa, Pierre Soulages, kusan da baƙin fenti kaɗai ya yi aiki. Yakan shimfiɗa fentin da kauri, ya bi shi da buroshi ko wuƙa, wani wuri ya fito sumul, wani wuri ya yi tsage-tsage, ta yadda haske zai sauka a kansa ya dawo wa ido daban-daban. Babu mutum a ciki, babu doki, babu bishiya. Irin wannan zane mai taƙaita launi da sura, wanda Kazimir Malevich ya share wa fage a Rasha da baƙin murabba'insa na 1915, shi ne wanda ɗan bokonmu kan tsaya a gabansa ya ce, "To, ina zanen yake?" Sai ya ɗauke shi a matsayin wata almarar Turawa. Alhali kuwa kakanninsa sun yi ƙarnoni suna sayen launi ɗaya tak da tsada, kuma sun san abin da suke biya.

Shaidar haka tana cikin tarihin rini. Lokacin da matafiyin Jamus Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, babban abin da ya ja hankalinsa shi ne cinikin tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar, ana kai su har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Ba birni kaɗai ke wannan aiki ba. Binciken masanin tarihi Philip Shea ya nuna cewa manyan karofi da yawa a karkara suke, a kudu da yammacin Kano: Kura, da Dal, da Zarewa wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, a Masarautar Karaye. Yankin yana da damina mai kyau, ana noma auduga da baba, ga kuma hanyar fatake zuwa Zazzau da Katsina.

Marini yakan haɗa baba da toka da katsi a rijiyar rini, ya bar su su ruɓa na kwanaki, sannan ya riƙa tsoma tufa yana fitarwa iska ta buge ta, har shuɗin ya nutse ya kusa zama baƙi. Daga nan aiki ya koma hannun mabuga. Su ne ke ɗora tufar a kan gungume, su barbaɗa mata garin shuni, su yi ta dukanta da manyan guduma na itace har ta ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. Turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, da rawanin ɗan Kura, da kore ta sarakai, duk darajarsu a nan take. Mai saye ba ya neman fure ko tsuntsu a jikinsu. Yana juya tufar a rana ya ga yadda take karɓar haske, ya shafa ya ji santsinta, ya dubi sirantar ƙwaryoyin da aka ɗinke. Wannan shi ne ainihin karatun da zanen Soulages yake nema daga mai kallo.

Sana'ar ba ta tsaya a tufa ba, ta haura bango. Katsin da ake kwashewa daga gindin rijiya, idan aka ƙone shi aka haɗa da gashin jima da ruwan dafara, shi ke zama laso, wanda ake dalaye rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa, da shi kuma ake shafe cikin rijiyoyin rinin kansu. Sai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, mai ba bango ja-ja mai duhu. Magini kan bar sawun yatsunsa a yaɓe, layi bisa layi, don rana ta fito da shi da hantsi ta sake masa kama da la'asar. A Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), adon ciki tudu ne da kwari na laka a jikin ginshiƙai da bakan gizo, ba surar wani mai rai. Keke da mota da agogo da aka riƙa zanawa a fuskar gidajen attajirai sun zo ne daga baya, a tsakiyar ƙarni na 20. A daidai wannan lokaci Antoni Tàpies na Basalona yake cuɗa yashi da garin dutse cikin fenti domin zanensa ya yi kama da tsohon bango.

Tambayar inda mai zane zai ɗebo ilhamarsa ta taso da ƙarfi a Zariya a 1958, sa'ad da ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun ƙi yarda a ce sai an kwaikwayi Landan. Ra'ayinsu shi ne a auri dabarar zamani da gadon gida. Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, abokin karatunsu Jimo Akolo kuma ya ɗebo daga adon ginin Hausa. Daga baya Gani Odutokun, wanda ya koyar a jami'ar har rasuwarsa a 1995, ya shahara da kwarara fenti mai ruwa-ruwa ya bar shi ya nemi hanyarsa. Sai dai uli ya samu makaranta sukutum a Nsukka, shuni da makuba kuwa ba su samu irin wannan gata ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin sinadari a 1897, sannan yadin masaƙun zamani ya cika kasuwa, karofi suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Siminti da kwano sun kori laso. Rijiyoyin Ƙofar Mata a Kano sun tsira, har baƙi na zuwa kallo, amma na karkara akasarinsu sun cike da ƙasa. Ilimin bai taɓa zama a takarda ba: yana hannun wanda ya san ƙamshin rijiyar da ta nuna, da ƙarar gudumar da ke cewa tufa ta ɗauku.

A rubutun boko, kalma ɗaya ce ke nufin abin da mace ke ɗaurawa da abin da mai fenti ke yi: zane. Matashin Karaye ko Rogo da ke karatun zane a Zariya ko Kano, in yana neman abin da zai ce da launi ɗaya, tafiyar da ke gabansa gajeriya ce. Ya nemi tsofaffin marina da magina na garinsu tun suna raye, ya zauna ya koya, ya rubuta ma'aunin kowane haɗi. Gidajen tarihi da sassan fasaha na jami'o'inmu su ma wannan aikin yana wuyansu.