Riƙo a Ƙasar Hausa: Yadda Yaro Ke Samun Gida na Biyu

Tun kafin Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tsara riƙon yaro a rubuce, Hausawa suna da nasu tsarin. Lokacin yaye, wajen shekara biyu da haihuwa, akan kai yaro wurin kaka ko goggo, musamman ɗan fari wanda uwa ke jin kunyarsa. Sau da yawa can yake zama har ya girma. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta raini 'ya'yan dangi a ɗakinta.

Abin da ke sa yaro ya saki jiki shi ne ba a raba shi da asalinsa. Hannun da ya karɓe shi sananne ne, sunan mahaifinsa kuma yana nan, kamar yadda Suratul Ahzab ta hukunta game da Zaidu ɗan Harisa. Inda riƙo ya lalace kuwa, sai ka tarar 'ya'yan gida suna makaranta, ɗan riƙo yana talla.

Don haka mai karɓar maraya a yau ya bar masa sunan ubansa da hanyar zuwa danginsa, ya kuma haɗa shi kwano ɗaya da 'ya'yansa.