Jirgin Yaƙi, Na Wane Ne?

A farkon 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a Tunisiya, kusan kowane kwamandan sojan ƙasa na Amurka so yake a ware masa jiragensa, su yi ta shawagi a kan mutanensa daga safe har yamma. Ba na ganin laifinsu. Wanda bama-baman Jamus ke sauka a kansa ba ya son jin bayanin dabara, so yake ya ɗaga kai ya ga nasu. Sai dai da aka rarraba jiragen kashi-kashi, sili ɗaya ya kasa shara. Jamusawa sukan taru su far wa wuri guda, jiragen da ke gefe kuma suna can suna gadin inda babu faɗa.

Maganin ya fito daga hamadar Masar da Libiya. A can Arthur Coningham, shugaban sojan saman Birtaniya na hamada, ya kafa tantinsa kusa da na Janar Montgomery, shugaban sojan ƙasarsu, suna tsara yaƙi tare, ba mai ba wani oda. Taron Kasablanka na Janairun 1943 ya amince da wannan tsari, kashin da Rommel, kwamandan Jamusawa, ya ba Amurkawa a Kasserine a Fabrairu kuma ya rufe bakin masu ja. A Yuli Amurka ta fitar da kundin FM 100-20: sojan sama da na ƙasa daidai suke, kuma jirage su kasance a hannun hafsan sama guda. Ya kuma jera aikin jiragen: a fara ƙwace sararin sama, a datse hanyoyin abokan gaba, sannan a taimaki na bakin daga. Wannan jeri ya yi wa sojan ƙasa ciwo, domin shi aka bari a ƙarshe. Tun kafin fitowar kundin ma, sai da Janar Patton na sojan ƙasan Amurka ya yi cacar baki da Coningham a kan haka.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yaƙin Amurka a Biyetnam. Bayan duk jinin da aka zubar kafin a gane, sai aka yanka arewacin ƙasar gunduwa-gunduwa, wannan na sojan ruwa, wancan na sojan sama, manyan jiragen B-52 kuma suna karɓar oda daga wata hedkwata dabam. Kishin runduna ne ya jawo, matuƙa suka biya da rayukansu.

Dokar Amurka ta Goldwater-Nichols ta 1986 ce ta ƙarfafa kwamandan fagen yaƙi a kan shugabannin rundunoni. Saboda haka a yaƙin Tekun Fasha na 1991 Janar Schwarzkopf, kwamandan fagen, ya damƙa wa Janar Charles Horner jiragen ƙawance, kowace rana ana fitar da jadawali guda mai ɗaruruwan shafuka, wanda ke faɗin wa zai tashi, yaushe, ina zai kai hari. Ko a nan ɗinkin bai gama haɗuwa ba. Rundunar Marin ta Amurka ta riƙe wani kaso na jiragenta don mutanenta, kuma da yake kwamfutocin sojan ruwa ba sa karanta na sojan sama, kullum sai an buga jadawalin a takarda, jirgi ya kai shi manyan jiragen ruwa da ke teku.